Ɗigar baƙin mai a ƙasan tsohuwar mota: gam da ƙarfin hannu ba su ne magani ba

Duk mai tsohuwar mota ya san baƙin tabon nan da ake wayar gari a tarar a inda ta kwana. Wasu na shimfiɗa kwali a ƙasa, wasu na watsa yashi, da yawa kuma sun mayar da ƙarin lita guda duk bayan mako biyu kamar wani harajin da ba makawa. Sau da yawa ɗigar daga kaskon baƙin mai take, wato wannan tukunyar ƙarfe da ke ɗaure a can ƙasan injin, wadda makanikai ke ce wa botom-filet. A nan man injin yake taruwa, lita huɗu ko kusan haka a ƙananan motoci, daga nan kuma famfon mai yake zuƙo shi ta wata rariya ya tura shi sassan injin. Tsakanin bakin kaskon da jikin injin galibi akwai gaskit, na roba ko na irin abin da ake toshe kwalaba da shi, wanda zafi da sanyi na shekaru ke busarwa har ya tsattsage.

Kafin a kunce noti ko ɗaya, sai a tabbatar daga nan ɗin ne. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, saboda haka duk inda ya tsiyayo, a ƙasan kaskon zai ƙare ya ɗiga. Gaskit ɗin murfin saman injin, sil ɗin gaba ko na bayan karanshaf, filtar da ba a ɗaure daidai ba, na'urar da ke kunna fitilar mai, har da washar notin da ake juye mai, kowannensu na iya jiƙa kaskon a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Hanyar ganewa ba ta da tsada: a wanke injin tas, a bar shi ya bushe, a yi ɗan zagaye da motar, sannan a haska da tocila a nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Can ne tushen ɗigar. Mutane da yawa sun biya kuɗin sauke kasko alhali washa ɗaya ce ta mutu.

Akwai kuma abin da makanikanmu ba su cika dubawa ba. Kowane injin yana da hanyar fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa, ta wani ɗan bawul da ake kira PCV. Idan ya toshe, iska kan matse a ciki ta turo mai ta kowace kafa. A irin wannan hali, ko sabon gaskit aka sa, ba zai daɗe ba.

In an tabbatar kaskon ne, aikin kansa ba mai wuya ba ne, haƙuri yake so. A ɗaga motar a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ko a hau da ita kan rami. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, don jak yana zamewa ba sallama. A juye man yana da ɗumi, ba yana tafasa ba. A wasu motocin kaskon a fili yake, a wasu sai an sauke bututun salansa ko an ɗan ɗaga injin, kuma wannan ne ke sa kuɗin aiki ya bambanta. Bayan an kunce notukan, in kaskon ya maƙale, a bubbuga shi da gudumar roba. Cusa sukundireba tsakaninsa da injin yana karce bakin, musamman in na alminiyon ne, kuma wannan karcewar sabuwar hanyar ɗiga ce.

Rabin nasarar aikin a wajen tsabtacewa take. Dole a kankare tsohon gaskit har ƙarshe daga ɓangarorin biyu, a goge maiƙo har wurin ya bushe ƙarau. A leƙa cikin kaskon ma, domin yana ba da labarin lafiyar injin: baƙin taɓo mai kauri alamar ba a sauya mai a kan lokaci, ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli kuwa gargaɗi ne cewa wani abu na cinyewa a ciki. A wanke rariyar famfon tunda ga ta a fili. A ɗora bakin kaskon a kan abu mai shimfiɗe a duba ko ya lanƙwashe, don ramukan hanya da tudun rage gudu sun lotsa kasko ba adadi a garuruwanmu.

Yanzu ga inda ake kashe injin da sunan gyara. Ba kowace mota ce ke amfani da gaskit ba. Toyota Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu, da gam na musamman aka liƙe kaskonta tun daga masana'anta. Inda gam ake sawa, siriri ake zizarawa, layi ɗaya ba yankewa, a bi ta gefen ciki na ramukan noti, a haɗa da sauri kafin ya fara bushewa, sannan a jira aƙalla awa 2 kafin a zuba mai. Inda gaskit ake sawa, ba ya buƙatar a shafe shi da gam, sai ɗan ɗigo a kusurwoyin da sassa biyu suka haɗu. Amma je ka gareji ka gani: ana lafta gam kamar ana yaɓen ɗaki, wai don ya fi riƙewa. Abin da ya fito waje ka gan shi. Irinsa ya shiga ciki, kuma shi ne zai gutsuttsure ya toshe rariyar famfon. Mai ya daina hawa, injin ya buga, mai mota kuwa ba zai taɓa danganta wannan asara da ɗan aikin da aka yi masa watanni baya ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaurin ƙarfi. Notukan kasko ƙanana ne, galibi ƙarfin ɗaurinsu bai wuce kusan Nm 10 ba, abin da hannu ɗaya ke yi da ƙaramar sifana. In aka danne su, gaskit ya murƙushe, bakin kaskon ya lotsa a gefen kowane rami, wani lokacin notin ya karye a ciki. Ana ɗaurewa ne kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓari sannan wancan, zagaye biyu ko uku. Yaron gareji da ke nuna ƙarfin damtsensa a nan ba taimakonka yake yi ba.

Wajen sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Panteka ta Kaduna, a tafi da lambar injin ko tsohon gaskit ɗin a gwada. Mafi araha sau da yawa shi ke sa a biya kuɗin aiki sau biyu. A sa sabuwar washa, a sauya filta, a zuba mai daidai alamar sandar awo, a tayar da injin a sake leƙawa, washegari ma a kuma. Tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a tuttular a kwata, don ƙarshensa rijiya da gona.

Wanda bai sami halin gyara yanzu ba, ya riƙa zaro sandar awo kowace safiya. Jar fitilar mai ba ta cewa mai ya ragu, cewa take ya riga ya daina isa inda ake buƙatarsa. In ta kama kana tafe, ka sauka gefen hanya ka kashe injin nan take.