Ɗacin shayi

A Buza, kamar a Madawa da Keita, mutane suna son shayi ƙwarai. Bayan la'asar, maza su kan zauna a inuwa, su hura gawayi, su aza ƴar buta. Kofin farko yana da ɗaci sosai. Na biyu ya fi sauƙi. Na uku kuwa ɗanɗanon sukari ya fi yawa. Mi ya sa haka?

Shayi ganyen wani itace ne. Ba a noma shi a Nijar. Yawancin wanda ake saye a kasuwannin Adar daga ƙasar Sin yake zuwa. Cikin ganyen akwai wani sinadari da ake kira tanin. Shi ne ke kawo ɗaci da bauri. Idan ruwa ya tafasa, tanin ya kan fita daga ganye ya shiga ruwa. Tafasar farko ce ke kwashe mafi yawansa. Shi ya sa kofin farko ya fi ɗaci.

Akwai tanin cikin bagaruwa ma. Da ita majema suke jeme fata. Ana iya ganin aikinsa a aji. A zuba shayi mai ƙarfi cikin kwalba, a jefa ƙusa mai tsatsa, a ajiye. Kashegari za a tarar ruwan ya yi baƙi. Tanin ne ya kama ƙarfe.

Masana ba su auna tanin da harshe, domin harshen wani ba na wani ba ne. A shekarar 1927, masana biyu a Amurka, Folin da Ciocalteu, sun haɗa wani ruwan magani rawaya. Idan aka zuba shi cikin shayi tare da ruwa mai kama da na kanwa, sai ya koma shuɗi. In tanin ya yi yawa, shuɗin ya kan yi duhu. Wata na'ura tana haska shi, ta auna hasken da ya wuce, ta ba da lamba. A da, mutum ne ke zuba kowace kwalba da hannu. Yanzu akwai na'urorin da ke ɗiba, su gauraya, su auna da kansu.

Wannan sani yana da amfani gare mu. Jikin mutum yana bukatar sinadarin ƙarfe domin ya yi jini. Ana samunsa cikin nama, da wake, da zogala. Idan aka sha shayi tare da abinci, tanin ya kan kama ƙarfen, kamar yadda ya yi cikin kwalba, jiki ya samu kaɗan. Yara da mata masu ciki sun fi kowa bukatarsa. Don haka ya kamata a jira kamar awa ɗaya bayan cin abinci kafin a sha shayi.

Tambayoyi
1. Mi ke sa shayi ɗaci?
2. Don mi ruwan kwalba ya yi baƙi?
3. Yaushe ya kamata a sha shayi?