Rahoton Gaggawa: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Gab da faɗuwar daminar bara, wani ɗan kasuwa mai sayar da taki da iri, wanda ke da shago a Dutsin-Ma da wani a Kurfi, ya same ni a ofis hankalinsa a tashe. Bankin da ya nemi rance a wurinsa ya ba shi kwana biyu ya kawo bayanin cinikinsa na shekara biyu. Idan wa'adin ya wuce, manoma za su yi shuka shagunansa babu kaya.

Abin da yake buƙata shi ne allon bayanai, wato rahoton kwamfuta da mai dubawa zai taɓa sunan gari ko wata, nan take alƙaluma da zane-zane su sauya su ba shi amsa. Na haɗa shi da ɗalibaina biyu, muka ɗauki manhajar Power BI, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015. Ana sauke ta a kwamfuta kyauta, kuma tana aiki ko babu intanet.

Cikin awa biyu allon ya tsayu, gwanin ban sha'awa. Sai dai ya nuna wai shagon Kurfi ya ninka na Dutsin-Ma ciniki. Alhajin ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ba dukiyata ba ce." Da muka koma kan bayanan da yaran shago suka shigar a Excel, sai muka ga yaron Kurfi yana rubuta taki da tiya, na Dutsin-Ma da buhu, manhajar kuwa ta tara su a matsayin abu guda. An kuma rubuta sunan gari iri uku: Dutsin-Ma, Dutsinma da Dutsin Ma, ta ɗauke su garuruwa uku. Bashin da ba a biya ba ya shiga lissafin kuɗin hannu. Gyaran waɗannan ya ci mana yini ɗaya da rabi. Da rahoton farko ya kai banki, da an ɗauke shi maƙaryaci alhali bai yi niyyar ƙarya ba.

Darasin a nan shi ne, saurin rahoto ba daga manhaja yake zuwa ba, daga shirin da aka yi tun kafin matsi ya zo ne. Allon cutar korona na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wanda Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong suka fitar ranar 22 ga Janairun 2020, an gina shi cikin ɗan lokaci, amma ɗalibin ya riga ya ƙware a aikin taswira, kuma da farko da hannu suke tattara alƙaluman.

Lamarin bai tsaya kan kasuwanci ba. Ƙananan asibitocinmu suna cika takardun rahoton wata-wata da ake shigarwa a manhajar DHIS2. Idan alƙaluman zazzaɓin cizon sauro na wata mazaɓa a Kurfi suka shiga a karkace, allo zai nuna lafiya lau, magani ya nufi wani wuri.

Ga wanda wa'adi ya matsa, shawarata huɗu ce. Ya fara tambayar wane hukunci za a yanke da rahoton, ya taƙaita shi ga shafi ɗaya da ke amsa wannan tambaya. Ya daidaita ma'auni da rubutun sunaye kafin ya zana komai. Ya gwada jimillar wata ɗaya da lissafin hannu. Sannan ya rubuta ranar da bayanan suka tsaya, domin kada a ɗauki na jiya a matsayin na yau.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da damar tura ɗalibai shaguna da asibitocin yankin su koya wa masu rubuta bayanai tsari guda. Alhajin ya kai takardunsa da safiyar ranar ƙarshe. Yanzu yaransa biyu da buhu suke rubutu, kuma kowace Asabar yakan buɗe allon da kansa.