Bayanin Manhaja da Hausa: A Gyara Fayil da Hannu ko a Bi ta Weblate?

Kafin mutum ya sauke manhaja, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne sunanta da 'yan layukan da ke faɗin amfaninta. Wannan bayani yana zaune ne a wasu ƙananan fayiloli na daban, tamkar allon da ake kafawa a ƙofar shago. Idan allon da Turanci yake, manomin Rogo Sabon Gari ba zai leƙa ciki ba, ko da an fassara duk abin da ke ciki tsaf. Ta wace hanya ya fi dacewa Hausa ta hau wannan allo a manhajojin da kowa ke da 'yancin gyarawa?

Hanya ta farko ita ce ta hannu. A Linux, mai fassara zai buɗe fayil ɗin .desktop, ya ƙara layin Name[ha] a ƙarƙashin na asali, domin "ha" ita ce alamar Hausa a tsarin harsunan duniya. A F-Droid, rumbun manhajojin Android da aka kafa a 2010, taƙaitaccen bayani ba ya wuce haruffa 80. Daga nan sai a tura gyaran ta GitHub ko GitLab, a jira mai aikin ya karɓa. Amfanin wannan hanya a fili yake: kana ganin bayanin gaba ɗayansa, ka san inda kowace jimla ta dosa.

Sai dai galibi tana son kwamfuta da sanin git, manhajar da ake tura gyaran da ita. Matashin Rogo ko Ƙaraye da ke da sha'awar aikin, galibi waya ce kaɗai jarinsa, yana kai ta shagon caji, yana lallaɓa data. Akwai kuma illar da ta fi damuna. Ranar da mai manhaja ya sauya bayanin Turanci, na Hausa zai ci gaba da zama yadda yake, yana tallata abin da aka daɗe da cirewa, kuma babu mai lura, tunda mai manhajar ba ya jin Hausa.

Hanya ta biyu ta dogara da gettext, wanda GNU ta fitar a 1995. Shi ke tsamo jimlolin ya zuba su a fayil ɗin .po, sannan dandali irin Weblate, da Michal Čihař na ƙasar Cek ya fara a 2012, ya baje su ɗaya bayan ɗaya a kan allon waya. In asalin jimla ya canza, sai a yi wa fassarar alamar a sake dubawa, a jingine ta har sai an gyara. Ajiyar ma tana da ƙarko: har yau akwai ragowar fassarar da Wazobia Linux ta yi wajen 2006 a wasu manhajojin GNOME na Linux.

Ita ma ba ta rasa aibu ba. Jimla takan zo maka tsirara, ba ka san gabanta ba balle bayanta. Ga shawarar na'ura a gefe tana jan hankali, danna ɗaya ka wuce, Hausar ta fito ba gishiri. Wani ya rubuta ƙ da ɗ, wani ya bar su ba lanƙwasa, duk a shafi guda.

Duk da haka, ni ta biyun na zaɓa. Aibunta mutum ke gyarawa, mutanen kuwa muna da su. Malaman Hausa na sakandaren Rogo da Ƙaraye, ku buɗe asusu a Weblate, ku zama masu tace abin da ɗalibanku suka fassara kafin ya isa hannun jama'a.