Gasar Farko A Wasan Ɗaga Ƙarfe: Jarin Da Ba Ya Son Gaggawa

A unguwanni da dama na Legas, Ibadan da Benin, ba a rasa wani lungu inda samari ke taruwa da asuba suna ɗaga ƙarafa. Galibin kayansu ƙirar gida ne: sandar ƙarfe daga wurin mai walda, da siminti da aka zuba cikin gwangwani, ko tsofaffin ƙarafan mota. Kaɗan daga cikinsu ne ke kaiwa ga tsayawa gaban alƙalai a gasa ta haƙiƙa, kuma abin da ya fi tare su shi ne kuɗi da rashin sanin doka.

Wasan da ake magana a kansa shi ne wanda Turawa ke kira fawaliftin, kuma ya sha bamban da ɗaga nauyin da ake ɗaga ƙarfe sama da kai. Hawa uku gare shi. Na farko tsugunno da ƙarfe a kafaɗa a miƙe da shi, na biyu turo ƙarfe daga ƙirji ana kwance a kan benci, na uku kuwa ciccibar ƙarfe daga ƙasa har mutum ya miƙe tsaye. Hukumar duniya mai kula da wasan, watau IPF, an kafa ta a 1972. Naƙasassu kuwa hawan benci kaɗai suke yi, a ƙarƙashin tasu hukumar.

A wannan fanni na naƙasassu ne Nijeriya ta yi suna. Monday Emoghavwe ya ci zinariya a gasar Faralimfik ta Basalona a 1992, shekarar da ƙasar nan ta fara halarta. A London a 2012, lambobi 12 daga cikin 13 da Nijeriya ta samo daga ɗaga ƙarfe suka fito. A Rio a 2016, zinariya 6 daga cikin 8 nan aka same su. A Faris a 2024, Onyinyechi Mark ta ɗaga kilo 150, Folashade Oluwafemiayo kuma kilo 167, kowaccensu ta kafa bajintar da ba a taɓa yi ba a ajinta. Dukkan waɗannan gwanaye sun taɓa zama sababbin shiga, kuma sun bi ta ƙofar da kowane sabon shiga ke bi, watau gasar farko.

Ɗawainiyar wannan gasa tana farawa tun kafin ranarta. Akwai kuɗin rajista da na zama ɗan ƙungiya, da kuɗin mota da masauki, sai abinci mai gina jiki na tsawon makonnin shiri. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya yi tsalle, kuma a Disambar 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ƙwai, wake, kifi da nama, waɗanda su ne abincin ɗan wasa, suna cikin abubuwan da tsadar ta shafa.

Sai kayan wasa. Riga ta musamman, ɗamarar fata, takalmi da abin ɗaure gwiwa da wuyan hannu, yawancinsu daga waje ake shigo da su. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a kasuwar gwamnati a farkon Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, saboda haka farashin duk abin da aka sayo da dala ya ruɓanya. A nan sabon ɗan wasa kan yi asarar farko. Dokar IPF ta ce faɗin ɗamara kada ya wuce santimita 10, kaurinta kuma kada ya wuce milimita 13. Wanda ya sayi wadda ta saɓa wa wannan, alƙalai za su ƙi ta wajen duba kaya, kuɗinsa sun tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Karanta doka kafin sayayya ya fi arha, kuma aron kaya daga abokan horo ba abin kunya ba ne a gasar farko.

Ranar gasa ana auna nauyin kowa sa'o'i biyu kafin a fara, domin a tabbatar da ajinsa. Masu horarwa kan gargaɗi sabon shiga da kada ya ƙuntata wa kansa ci da sha don ya faɗa ƙaramin aji, domin ƙarfin da zai rasa ya fi abin da zai samu. Sandar gasa kilo 20 ce, kuma faya-fayan an auna su daidai, ja kilo 25, shuɗi kilo 20. Wanda ya saba da siminti a nan yake fara sanin gaskiyar abin da yake ɗagawa.

Kowane ɗan wasa yana da gwaji uku a kowane hawa. Alƙalai uku ne ke zaune, kowane da farar fitila da ja, kuma sai an sami farare biyu gwaji ke karɓuwa. Da zarar an sanar cewa an shirya ƙarfe, minti ɗaya ke gare shi ya fara. Ƙarfi kaɗai bai isa ba: wanda bai tsugunna ƙasa yadda doka ta ce ba, ko ya mayar da ƙarfe kafin alƙali ya ba da umurni, ja zai gani ko da ya ɗaga.

Dokar da ta fi kama da harkar kasuwa ita ce ta gwajin farko. Idan mutum ya gwada wani nauyi ya kāsa, ba shi da damar ragewa, sai dai ya maimaita shi ko ya ƙara. Idan kuwa ya kāsa duka uku a hawa ɗaya, ba shi da jimla, kuma sunansa ba zai shiga jerin sakamako ba. Alal misali, wanda iyakar ƙarfinsa kilo 150 ne a wurin horo, idan ya buɗe da 135 ya samu, ya ajiye uwar kuɗi, sai ya nemi riba da 142.5 da 150. Wanda ya buɗe da 150 don ya burge 'yan kallo, ranar da barci bai ishe shi ba, yana iya komawa gida hannu rabbana bayan ya biya mota da masauki. Shi ya sa masu horarwa ke cewa a buɗe da nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau uku a jere. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma haɗarin ƙwayoyin ƙara ƙarfi da ake tallatawa a wuraren motsa jiki. A ƙa'idar hukumar duniya mai yaƙi da su, WADA, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, kuma horon yana iya kaiwa dakatarwar shekara huɗu.

Ga 'yan kasuwa, akwai abin dubawa a nan. Ƙasar da ke da majema da dukawa irin na Kano tana iya ɗinka ɗamarar horo daidai da awon doka, ko da yake shiga manyan gasannin IPF yana buƙatar kayan kamfanonin da hukumar ta amince da su. Masu walda na iya ƙera benci da maɗorar ƙarfe masu inganci. Masu wuraren motsa jiki kuma na iya shirya ƙananan gasanni da alƙalai masu takardar shaida, inda sabon shiga zai koyi doka ba tare da doguwar tafiya ba. Abuja ta karɓi gasar cin kofin duniya ta naƙasassu a Fabrairun 2020, abin da ya nuna ana iya shirya babba. Ƙananan gasannin da ke samar wa babbar gasa 'yan wasa su ne suka yi ƙaranci, kuma jarin da suke buƙata bai fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa ba.