Lasifikar Coci da Ban Ruwan Lambu

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko a wata fadama ya san abin da ke faruwa in an ajiye bakin tiyo a fangalin farko aka sake wa inji wuta. Tumatirin da ke kusa ya sha ruwa har saiwarsa ta ruɓe, na can ƙurya kuwa yana yaushi. Gwanin lambu ba ya ƙara wa inji mai. Hanya yake yanka wa ruwan, ya bi da shi fangali-fangali.

A majami'u da yawa, ban ruwan farko ake yi da sauti. An jibge manyan lasifikoki biyu a ƙasa, dama da hagun bagade. Dattawan bencin gaba kunnensu kamar zai fashe, matan zumunta a baya na taɓa juna, "Me Fasto ya ce?" Yaron da ke kan na'ura ya ƙara murɗawa, makirufo ya tsala ihu, kowa ya toshe kunne.

Ba laifin yaron ba ne. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6, don haka tsakanin mai zama a mita 2 da mai zama a mita 16 akwai tazarar desibel 18. A cikin gini bango da rufin kwano na maido da wani kaso, amma amsa-kuwwa ce suke maidowa, wadda ke cakuɗa kalmomi. Waƙa na iya jurewa, wa'azi ba ya jurewa.

Gyaran farko shi ne a ɗaga lasifikar sama da kawunan jama'a, a sunkuyar da fuskarta ta kalli benci na baya, ba bango ba, kuma ta kasance gaba da makirufo. Na gaba sun sami sauƙi, na baya sun sami rabonsu.

In ɗakin dogo ne, sai a yanka wa sautin hanya: ƙananan lasifikoki a tsakiya, a rage musu murya. Nan ne ake yawan tuntuɓe. Saƙon da ke bin wayar lasifika na isa nan take, amma sauti a iska mita 343 yake ci a daƙiƙa. Lasifikar da ke mita 15 daga ta gaba za ta riga ta magana da kusan kashi 44 cikin dubu na daƙiƙa, kalma ɗaya ta shiga kunne sau biyu. Sai an jinkirta ta daidai hakan a na'ura, a ɗan ƙara kaɗan, don kunne ya ci gaba da jin muryar daga bakin mai wa'azi take fitowa.

Gwajin ranar Asabar a ɗaki wayam ba ya wadatarwa, domin jikin mutane da tufafinsu na shanye sauti. Ranar Lahadi, ana tsakiyar karatu, wani ya zagaya ya tsaya a kowace kusurwa, har ƙarƙashin bene in akwai, ya ji ko zai iya maimaita ayar.