Harshe Da Zaman Jama'a A Jami'o'in Sulobakiya

Sulobakiya ƙasa ce a tsakiyar Turai mai mutane kusan miliyan biyar da rabi, wadda ta tsaya da ƙafafunta ranar 1 ga Janairu, 1993, bayan sun rabu da Cek cikin lumana. Wanda ya ji ɗalibi a can yana karanta ilimin zamantakewa tare da harshen Sulobak zai iya cewa an haɗa hanyoyi biyu da ba su da mahaɗa, ɗaya tana bin diddigin talauci da aure da ƙaura, ɗaya kuma nahawu da ƙa'idar rubutu. A ganina haɗin ya yi daidai, domin wasu daga cikin manyan rigingimun ƙasar ta kan harshe suke ɓullowa.

Tarihi ne shaida ta farko. Sulobakawa sun shafe ƙarnoni a ƙarƙashin masarautar Hungari, harshensu kuma ya daɗe ba shi da tsayayyen rubutu. Anton Bernolák ya yi yunƙurin daidaita shi a 1787, sai dai tsarin Ľudovít Štúr na 1843, wanda ya ginu kan karin harshen tsakiyar ƙasar, shi ne ya kama ƙasa. A 1863 aka kafa ƙungiyar raya al'adu ta Matica slovenská a garin Martin, mahukuntan Hungari suka rufe ta a 1875. Abin lura shi ne, da ƙasar ta samu 'yancin kanta sai reshe ya juye da mujiya. Dokar harshen ƙasa ta 1995, da gyaran da aka yi mata a 2009 wanda ya tanadi tarar da ta kai yuro 5,000, sun tayar da hankalin 'yan ƙabilar Hungari mazauna kudanci, waɗanda suka kusa kai kashi 8 cikin ɗari na jama'a. Masanin nahawu zai iya bayyana abin da dokar ta ce, amma mai nazarin zamantakewa ne zai gano yadda take taɓa tsohuwar da ta je ofishin hukuma da harshen da ta tashi da shi.

Inda lamarin ya fi ciwo shi ne batun al'ummar Roma. A ƙidayar 2021 mutum dubu 67 da ɗoriya ne suka rubuta Roma a matsayin ƙabilarsu ta farko, alhali binciken da gwamnati ta sa aka yi gari-gari a 2019 ya ƙiyasta su kusan dubu 440. Wannan tazara ta isa ta nuna cewa amsar da mutum ke bayarwa ta danganta da wanda ya tambaye shi, da kalmar da aka yi tambayar da ita, da kuma tsoron ƙyama. Yara da yawa daga matsugunan Roma na gabashi suna shiga aji ɗaya da harshen gidansu, a gwada basirarsu da Sulobak, su kasa, a tura su makarantun masu raunin fahimta. A 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta kai Sulobakiya kotun tarayyar kan ware yaran Roma a makarantu. Rashin jin harshe daban, raunin ƙwaƙwalwa daban, kuma wanda bai karanci fannonin biyu ba da wuya ya iya tabbatar da hakan a gaban ma'aikatar ilimi.

Wasu za su ce Ingilishi ne harshen bincike a yau, me zai sa matashi ya ɓata shekarunsa kan harshen da masu shi ba su da yawa? Gaskiya ne manyan mujallun ilimi da Ingilishi suke fitowa. Amma ma'aikacin masana'antar motoci a Žilina da manomi a ƙauyen gabas ba da shi za su faɗi damuwarsu ba, kuma takardar tambayoyi da aka fassara sama-sama amsa gurguwa take kawowa. Wasu kuma na fargabar cewa nazarin harshen ƙasa kan rikiɗe ya zama kishin ƙabila. Wannan fargaba tana da tushe, kuma ita ce ma hujjar haɗin, domin ilimin zamantakewa shi ke tilasta wa mai kishin harshensa ya ƙirga maƙwabcin da ba ya jin sa. Ba banza ba gwamnatin gurguzu da ta mulki ƙasar a da ta danne wannan fanni bayan 1948, ta sake takura shi bayan mamayar da aka yi wa ƙasar a 1968.

Jami'ar Comenius da ke Biratisilaba, wadda aka kafa a 1919, tana koyar da fannonin biyu a tsangaya guda. Ya kamata ɗaliban kowane sashe su riƙa zama a ajin ɗaya sashen, musamman waɗanda za su zama malaman makaranta a kudanci da gabashin ƙasar.