Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Ciyar da Iyali a Zamanin Tsadar Abinci

Kafin maigida ya fita nema da safe, akwai maganar da ake yi a bakin ƙofar ɗaki a kusan kowane gida, ita ce ta kuɗin cefane. A da ba ta ɗaukar lokaci: ya miƙa, ta karɓa, ta yi masa a dawo lafiya. Yanzu sai a tsaya ana jan lissafi, shi yana ganin ya yi iya bakin ƙoƙarinsa, ita tana ganin abin da ke hannunta ba zai ɗora tukunya sau biyu ba. Kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Ba a ɓoye yake ba yadda aka zo nan. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi. Bayan juyin mulkin Nijar a ƙarshen Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ga 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu a sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A shekarar ne afafata, ragowar shinkafar da masu casa suka saba warewa, ta zama cimar gidaje da yawa.

A watan Yulin 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A raba shi kwana 30, ya zama kusan naira 2,300 a yini. In gidan mutum bakwai ne, kowa ya tashi da kimanin naira 330, kafin a cire haya da kuɗin makaranta da magani. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna dama can fiye da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa a ciki yake tafiya. Don haka duk tattalin da ba a fara shi daga madafa ba, bai taɓa inda ke ciwo ba.

Mai awo kullum shi ya fi sayen tsada

Wanda ke hannu baka hannu ƙwarya ya fi mai hali biyan kuɗi a kan abinci iri ɗaya. Mai hali yana zuwa kasuwar Dawanau da kaka, lokacin da gero da dawa da masara suka cika kasuwa, ya ɗauki buhu. Talaka kuwa gwangwani-gwangwani yake saye a shagon unguwa, bayan ɗan dako da mai mota da dillali da mai shago kowa ya ɗora ribarsa. Ga shi yana sayen a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi yakan kai ƙololuwa.

Wanda ba shi da kuɗin buhu ba a ce ba shi da rabo a cikin buhu ba. A Kano buhun hatsi kan ci kwano 40. Gidaje huɗu su haɗa hannu, kowa ya tashi da kwano 10 a farashin sari. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu: ita ce watanda da ake yi da sa lokacin salla, sai dai an juyo da ita kan hatsi, man gyaɗa da manja. Adashe ma haka. Da za a tsara shi kwasar ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, a zuba ta a kan abinci, da ya fi a kwashe shi a ƙarar wajen anko.

Kayan miya su ma suna da kakarsu. Da rani, in tumatirin noman Kadawa ya sauka a kasuwar 'Yankaba, kwando kan yi arha har wani ya ruɓe a ƙasa. Iyayenmu mata ba sa barin wannan dama ta wuce: a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a sami kauɗar da za ta kai gida damina. Haka ake yi da tattasai da attaruhu da kuɓewa. Ganye kuwa, irin su zogale da rama da yakuwa, a inuwa ya kamata a busar da su, domin zafin rana yana cinye wani ɓangare na amfaninsu.

Ajiyar da ba ta zama guba ba

Saye da arha ba shi da amfani in ƙwari za su raba ka da rabi. Tsoron haka ke sa wasu su barbaɗa wa wake maganin ƙwari, su kai guba cikin tukunyar 'ya'yansu da hannunsu. Yawan ragowar irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Alhali ƙwaro mai numfashi ne, in aka toshe masa iska zai mutu. A kan wannan aka ƙera buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Afirka: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne tam. Wanda bai samu ba, jarka mai tsabta da ba a taɓa zuba mata fetur ko magani ba za ta yi aikin, muddin an cika ta har wuya an rufe sosai. Sharaɗin dai wake ya bushe ƙayau.

Akwai kuma arhar da gudunta ya fi. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna na iya ɗauke da dafin afalatokzin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A tsince a zubar, ko da ran mutum bai so ba. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin mudu.

Abin da ke cika ciki da abin da ke gina jiki

In kuɗi suka yi ƙaranci, nama da kifi da ƙwai su ne farkon fita daga tukunya, a bar tuwo da miya tsululu. Ciki zai cika, jiki kuwa yana ramewa a hankali. Sai dai girkinmu na gargajiya ya riga ya tanadi mafita. Furotin ɗin hatsi yana da gibin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake ke da shi da yawa. Wake kuma yana da nasa gibin da hatsi ke cikewa. Shi ya sa garau-garau, ɗanwake, da ƙosai da koko suka fi ƙarfin rainin da ake yi musu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku, don haka awara ba abin kwaɗayin yara kaɗai ba ce. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya haɗa ganye da mai, dambu da rama da gyaɗa kuwa ya haɗa hatsi da ganye da mai a kwano ɗaya. Daddawa da ɗan dakakken busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano da amfani, abin da dunƙulen ɗanɗano na kanti, wanda gishiri ya fi yawa a cikinsa, ba zai bayar ba. A matsa lemon tsami a kan wake ko ganye, yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi kuwa in an kora abinci da shi, rage wannan tsotsar yake yi.

Wuta ma tana cin rabonta. Waken da aka jiƙa tun dare ya fi saurin nuna, kuma ba ya bukatar a cika masa kanwa, wadda yawanta ke lalata wasu sinadaran bitamin B. Rufe tukunya, kare murhu daga iska, da kashe garwashin da ya rage don amfanin gobe, ƙananan abubuwa ne da ke taruwa a ƙarshen wata. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a naɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, zafin da ke ciki ya ƙarasa dafuwar.

Kwanon da ba a taɓawa

Duk inda za a rage, kada a rage daga kwanon ƙaramin yaro da na mai ciki da mai shayarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Mafi yawan wannan illa tana aukuwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma ba tsawo kaɗai take taɓawa ba, har da ƙwaƙwalwa.

Wata shidan farko nonon uwa zalla ya ishi jariri, kuma ba a sayensa. Uwar ce ke bukatar a ƙosar da ita. Bayan nan, tumbin yaro ƙarami ne, koko mai ruwa-ruwa zai cika shi ba tare da ya ba shi abin kirki ba. Ma'aikatan lafiya a Arewa maso Gabas suna koya wa iyaye haɗin garin kunu: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa, a dama da kauri. Sannan a ware wa ƙaramin nasa kwano. Ɗan shekara biyu da aka haɗa tire ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun cinye.

Inda dabara ta tsaya

Ba za a ce wa wanda ya wayi gari ba ko sisi ya yi tattali ba. Ba a tsimin abin da babu. Tsaron gonaki, hanyoyin fito da amfanin gona, taki da albashin da zai ciyar da mai shi, nauyi ne a wuyan hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da tambaya. Mai hali shi ma yana da nasa: zakkar hatsi a fitar da ita tun a masussuka, a daina ɓoye abinci ana jiran ya yi tsada, kuma ƙwaryar tuwon da ake miƙa wa maƙwabci ta kan katanga kada ta ɓace daga unguwanninmu.

Abin da ya rage a hannun ma'aurata shi ne su mayar da maganar bakin ƙofa ta zama shawara. Maigida ya faɗi gaskiyar abin da yake samu, ya kuma leƙa kasuwa ya ji farashi da kunnensa. Uwargida ta faɗi abin da gidan ke ci a mako, kwano nawa, mai nawa, itace na nawa. In kaka ta zo, su riga sun san wanda za su haɗa buhu da shi da inda za su ajiye. Gidan da aka yi wannan lissafi tare, ko tuwon ya yi kaɗan, ba a cinsa da zargi, kuma yaron da ya fi kowa ƙanƙanta ba ya kwana da yunwa.